Kwalbar Ummu Siraj

Ranar ashirin ga azumi Sitti take jiƙa gamardin. Sitti kakarmu ce ta wajen uwa. Sunanta Hauwa, amma a unguwar Ammariyya ta Jidda, inda ta yi yawancin rayuwarta, Khala Hauwa mai dibyaza aka san ta. Gamardin kuwa ɗan itacen mishmish ne da aka niƙa aka shanya, ya zama falle-falle mai danƙo, launin ruwan goro. Da hannu take yayyaga shi, ba ta yarda almakashi ya taɓa shi ba. Ta zuba a babban kwano, ta rufe shi da ruwa, sai gobe.

Wanda bai tashi a Jidda ba zai tambayi mene ne dibyaza. In an sauko daga Idi, kowane gida na shimfiɗa karin kumallon Sallah: burodin shuraik mai riɗi a baya, cuku iri-iri, zaitun, halawa. A tsakiyar shimfiɗar ake ajiye dibyaza, gamardin ɗin nan da aka dafa har ya yi kauri, da busasshen dabino da ɓaure da zabibi a ciki, da loz da bundug da kaju da aka soya a man shanu. Loz da bundug 'ya'yan itace ne masu tauri, dangin gyaɗa a baki, kaju kuwa shi ne kashu. Sau ɗaya ake cin ta a shekara. Sitti ta yi shekara fiye da hamsin tana dafa wa gidajen mutane ita.

A azumin da ya wuce, Nusaiba 'yar kawuna ta zo gidanmu a Waziriyya ta tarar da mu a kicin. Tana jami'a, tana da mota, kuma ba ta jin nauyin magana kamar ni. Ta leƙa kwanon ta ce, "Ya Sitti, wannan ai abu ne mai sauƙi. Na gani a waya, minti arba'in, halas. Mu zuba a ƙananan robobi, in ɗauki hoto, kafin Sallah mun sayar da ɗari."

Sitti ba ta ɗago ba. Ta ce, "Gobe ki zo bayan azahar. Ki zo da hannunki, ki bar wayar a mota."

Abin da ta gaya mana washegari da kwanakin da suka biyo baya, na rubuta shi a bayan littafina na lissafi, don kada in manta.

"Cire ƙwallon dabino, da shi na fara," in ji ta, bayan ta ɗora tukunya ta miƙa wa Nusaiba muciya. "Ina 'yar shekara goma sha ɗaya mahaifiyata ta kai ni wani gida a Balad, tsohon garin Jidda, mai hawa huɗu, mai tagogin katako. Kicin a can sama yake, don hayaƙi ya fita. Ruwa kuma a ƙasa. Wadda take riƙe da kicin ɗin wata tsohuwa ce, Dada Mabruka. Shekara uku ba ta bari na kusanci tukunyar dibyaza ba. Dabinon galada ake kawowa, busasshe, a shirye a zare kamar tasbaha, tauri kamar dutse. In tsaga shi gida biyu da ƙaramar wuƙa, in cire ƙwallon, in duba ciki ko da tsutsa. Kowane ɗaya. Ranar da ta tsinci ƙwallo guda a cikin kwanona, ba ta yi faɗa ba. Ta ɗora shi a tafin hannuna ta ce, 'Wannan haƙorin mai gida ne ranar Sallah, a gaban surukansa.' Ke Nusaiba, juya, ya binti. Ba tuwo kike tuƙawa ba, amma hannun iri ɗaya ne. Ki kai muciyar har gefe."

Nusaiba ta ce, "Hannuna ya fara ciwo."

"Minti nawa aka yi?"

"Goma sha biyar."

"Saura ashirin da biyar ke nan, a lissafin wayarki."

Sitti ta ci gaba, "Ɓare loz shi ne aikina na biyu. A zuba shi a tafasasshen ruwa, a tsame, a matsa da yatsa biyu, sai ya sullo fari. Yara suna son aikin nan don yana tsalle. Abin da ba su sani ba, ɓarewar ba ita ce aikin ba, shanyar ce. Kwana biyu a saman soro, a kan farin ƙyalle, ana juyawa. Iskar Jidda ruwa ce, kun sani. In ya rage da danshi a cikinsa, yau ba za a gane ba, gobe ba za a gane ba. Ranar huɗu ga Sallah sai matar gida ta buɗe kwalba ta ga fumfuna a sama, da sunanki a bakinta. Suya kuma kowa da layinsa. Loz ne farko, don ya fi haƙuri. Sai bundug. Kaju ne ƙarshe. Kaju, in wani ya yi sallama kika juya kika amsa, ya ƙone."

Tukunyar Sitti ta tagulla ce, mai faɗin gindi, da ɗan lotsawa a gefe ɗaya. Cikinta fari ne kamar azurfa, sai dai ya fara yin ja a tsakiya. Na ga tana yawan shafa wurin da babban yatsa kafin ta zuba komai.

"Kai tukunya wajen mai shafa mata fari, wannan ma aikina ne duk Sha'aban," in ji ta. "Gamardin tsami gare shi. In ya haɗu da tsirarar tagulla sai ya yi ɗaci, ya ɓata wa mutane ciki. Dole a shafe cikin da farin ƙarfe kowace shekara. Akwai wani mutum a wani lungu kusa da Bab Makka. Ya zuba yashi da ruwa a tukunyar, ya shiga da ƙafafunsa, ya dafa bango, ya riƙa murɗa ƙugu hagu da dama har ta goge. Mu yara mukan tsaya muna dariya a cikin gyale. Yanzu na nemi mai wannan aikin na gaji. Wannan farin da kuke gani, shi ne na ƙarshe. Shi ya sa nake lallaɓa shi."

Da la'asar ta kawo jiki, gamardin ɗin ya fara kauri, launinsa ya koma kamar na zuma mai duhu. Nusaiba ta ce, "To yaya za a san sukari ya ji? Muna azumi. Me zai hana a bari sai bayan buɗa baki, a ɗanɗana?"

Sitti ta yi dariya har ta dafa gwiwa. "Ban taɓa ɗanɗana dibyaza a kan wuta ba, ko sau ɗaya. Dada takan ce hancin mai azumi ba ya ƙarya, na ƙosasshe ne ke yi. Launi kuma sai da hasken rana, fitila tana ruɗi. Ki saurara. Da farko tana tafasa da sauri, fal-fal-fal, kamar 'yan mata a gidan biki. In ta kusa, sai ta koma ɗaya bayan ɗaya, a hankali, kamar tsohuwa na hawan bene. Nan za ki ɗiga a faranti, ki karkata shi. In ɗigon ya yi gudu, da saura. In ya tsaya cak, kin wuce. Ana so ya yi tafiya yana waiwaye."

Ta ɗiga. Muka sa kai mu uku a kan farantin. Ɗigon ya gangara kaɗan, ya tsaya, ya sake motsawa.

"Karɓar kwalabe shi ne abin da na fi so a sana'ar nan," in ji Sitti a wata ranar, tana goge babbar kwalbar gilashi mai faɗin baki. "Da na yi aure na koma Ammariyya, sai na fara yi a gidana. Daga tsakiyar Sha'aban kwalabe ke fara zuwa, kowane gida da tasa, babu komai a ciki. Ba a rubuta suna. Na san su kamar yadda na san fuskokin masu su. Mai murfi ja ta gidan kaftin ce, mai jirgin ruwa a Ruwais. Su suna son ta da kauri har cokali ya tsaya. Mai ɗan tsagewa a baki ta matar tela Bukhari ce, a ninka mata zabibi. Akwai wata 'yar Jawa da ke ɗaure tata da jan zare, ba ta son man shanu ya fito a sama. Mutanenmu kuma, Hausawa, kullum roƙonsu ɗaya, a ƙara sukari. Shekarun da abin ya yi kyau, kwalabe sukan cika ƙarƙashin gado har bakin ƙofa, kakanku ya rasa inda zai sa ƙafa in ya tashi sahur. Ke kina maganar roba ɗari iri ɗaya. Ni ban taɓa dafa wa mutum ɗari ba. Gida-gida nake dafawa."

Kwalbar da take gogewa ita kaɗai ce a gidanmu da ba tamu ba. Murfinta na gilashi ne, da waya mai kama shi, gilashin kuma yana da ɗan kore-kore in an ɗaga shi a haske. A saman firji take zama, a naɗe da tsohon ɗankwali. Ta Ummu Siraj ce, wata mata da ta zauna a ɗaya ƙarshen Ammariyya, wadda Sitti ta yi shekara talatin da wani abu tana cika wa ita.

"Shekarar rusau ita ce muguwar shekarata," in ji Sitti. "An yi wa gidajen unguwa alama da jan fenti, kowa na neman inda zai sa kansa. Kwalba uku kawai suka zo a Sha'aban ɗin nan. Biyu na cika na mayar. Ta uku ta Ummu Siraj. Muna cikin ɗaure kaya na dafa mata, a kan ƙaramin risho, don an riga an kwashe gas. Ranar ashirin da takwas na ɗauka da kaina na tafi. Na tarar da gidan ba ƙofa ba taga. Labulenta mai furanni ne kawai a rataye a hawa na biyu. Na tambayi wani mai ɗiban ƙarafa, ya ce bai san kowa ba."

Nusaiba ta ce, "Ba ki da lambarta?"

"Ta wayar gida. Ta tafi tare da bangon. Shekara talatin, me zan yi da lamba? In ina son ta, in sa mayafi in taka. Ko sunan mijinta na gaskiya ban riƙe ba, Abu Siraj muke cewa."

A Jidda ba a mayar da kwanon mutane babu komai a ciki, ko da dabino uku ne sai an sa. Kuma ba a barin kwanon mutane ya yi Sallah a gidanka. Ta Ummu Siraj ta yi Sallah uku a gidanmu. Kowace shekara Sitti na cika ta, ta rufe, ta ajiye kusa da ƙofa har ƙarshen Shawwal. In ba wanda ya zo, sai ta juye a kwanoni ta aika wa masu sharar layinmu, ta ce sadakar Ummu Siraj ce. Ta wanke kwalbar, ta kife ta a rana, ta mayar saman firji. Duk gidan biki ko na rasuwa da ta je, in ta ga tsofaffin mutanen Ammariyya sai ta tambaya. Wasu su ce sun ji an koma Makka, wasu su ce arewa.

Sayen loz a Balad take yi har yanzu, ko da Waziriyya cike take da kantuna. Wajen Ammu Salim, wani tsoho mai ɗan shago da buhuna a buɗe har bakin hanya. A wancan azumin loz ɗinmu ya gaza, Nusaiba ta kai mu ranar ashirin da huɗu. Sitti ta sa hannu a buhu, ta ɗauki ɗaya ta karya kusa da kunnenta.

"Na bara ne wannan, ya Salim."

"Na bana ne, wallahi. Kunnenki ne na bara."

"Buɗe na bayanka."

Ya buɗe yana gunaguni. Yana cikin awo sai ya tsaya, ya shiga lalube a aljihun rigarsa. Ya ce shekaranjiya wata mata ta zo sayen kayan dibyaza, ta ce shekara uku tana gwadawa da kanta, ba ta fitowa kamar ta wata Khala da ke yi musu a Ammariyya. "Na ce mata, baƙa, gajera, mai raina loz ɗin mutane? Ta ce ba ta san zancen loz ba, amma sauran haka ne." Ya miƙo yagaggen kwali da lamba a jiki.

A mota Nusaiba ta kira. Matar sunanta Huda, 'yar Ummu Siraj ce, malamar makaranta, suna Hamdaniyya can arewacin gari. Na ga fuskar Nusaiba ta canja tana saurare. Da ta kashe ta ce, "Ya Sitti, Ummu Siraj ta rasu. Shekara guda bayan sun tashi."

Sitti ta ce inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Muka wuce fitilun hanya biyu. Sannan ta ce, "Ki tsaya wajen mai man shanu, wanda ke gida ba zai isa ba."

Nusaiba ta ce, "Har yanzu sai kin cika ta? Mai ita fa ba ta nan."

"Kwalbar ta mutu ne?"

Ita kaɗai ta dafa ta, a ƙaramar tukunya, ba ta ba kowa muciya ba. Ranar ashirin da tara bayan azahar muka kama hanya. Tafiyar ta kusa awa guda. Sitti na gaba da kwalbar a cinya, hannu biyu a kai, duk tudun hanya sai ta ce, "A hankali, ya binti, ba buhun siminti kika ɗauko ba." Da muka wuce inda Ammariyya take, ta dubi filin ta taga. Ba ta nuna mana komai ba, don babu abin da za a nuna da shi.

Huda, da muke ce wa Abla don girmamawa, ta tare mu a bakin lif, doguwa, da tabarau. Ta sumbaci kan Sitti sau biyu. Sitti ta yi mata ta'aziyya a tsaye kafin ta yarda ta zauna. Falon sabo ne, yana ƙamshin fenti da turaren wuta. Sitti ta kwance ɗankwalin ta ɗora kwalbar a tebur.

"Amanarku ce. Ta yi latti, ku yafe."

Abla Huda ta daɗe ba ta taɓa ta ba. Ta ce ta kakarta ce, da ita aka kai mahaifiyarta ɗakin miji. Ta ce har a asibiti mahaifiyar tana cewa kwalbarta na wajen Hauwa, Hauwa ba ta yar da kayan mutane. Daga nan ta ɗauka ta kai bakin taga, ta juya ta a haske. Sai ta yi 'yar dariya, ta cire tabarau ta goge ido.

"Ita ce. Khala, zan tambaye ki wani abu, kada ki ji haushi."

"Ina azumi, ba ni da ƙarfin haushi."

"Tun muna yara, in mun je yawon Sallah, dibyazar kowane gida cike da loz da bundug, kuma duk ke kika yi. Tamu babu ko ɗaya. Kaju kawai, shi ma ya yi laushi, ɓauren an yanka ƙanana. Ɗan'uwana Siraj yakan ce Khala Hauwa ta fi son gidan kaftin, mu rowa take mana."

Ni ma na daɗe da lura ba ta sa wa wannan kwalbar loz, amma ban taɓa iya tambaya ba.

Sitti ta ce, "Ki gaya wa Siraj ya zo ya faɗa a gabana. Haƙoran babanku ne. Shekarar da ciwon sukari ya sa aka cire masa na ƙasa, mamanku ta kawo kwalbar da kanta, ba ta aiko yaro ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, 'Hauwa, mutumin nan yana son dibyaza, kuma ba zai zauna gaban baƙi yana tsince loz yana tarawa a gefen faranti ba. Ki yi mana wadda kowa zai ci iri ɗaya, kada ya san don shi aka yi.'"

Abla Huda ta zauna a hannun kujera, kwalbar a ƙirjinta. "Amma Baba ya yi shekara goma sha tara da rasuwa."

"Na sani, na je gaisuwa. Shekarar da ta biyo baya, da kwalbar ta zo, na aika a tambaye ta, in mayar da loz? Ta ce a gaya mini, yadda aka saba. Duk shekara sai na tambaya. Duk shekara amsar ke nan."

Ana jin na'urar sanyaya ɗaki, da wani yaro a bene na sama yana jan kujera. Nusaiba na kallon yatsun ƙafarta.

Sitti ta ninke ɗankwalinta gida huɗu ta sa a jaka, ta dafa tebur ta miƙe, ta ce gara mu kama hanya kada magariba ta same mu a titi. Abla Huda ta rantse sai mun sha ruwa a nan, Sitti ta ce akwai shuraik da ba a saya ba, gobe wataƙila Sallah. A bakin ƙofa, tana neman takalminta da ƙafa, ta ce, "Baɗi in Allah ya kai mu, in sa loz?"

Abla Huda ta waiwaya ta dubi teburin. "Yadda aka saba, Khala."

"To ki aiko ta tun Sha'aban," in ji Sitti. "Yanzu tsakaninmu da nisa."